Sunan da Ba a Faɗa a Gidanmu

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa muka nufa. Surukata, uwar mijina, wadda mutanen Makera suka sani da Hajiya mai masa, ta rasu ana dab da komawa makarantu, bayan gajeriyar jinya. An yi mata sutura bayan azahar.

Ban taɓa ganin gidanmu ya cika kamar ranar ba. Mata sun cika tsakar gida har bakin famfo, maza kuma suka shimfiɗa tabarmi a layi har masu keke suka riƙa zagayawa ta baya. Duk wadda ta durƙusa a gabana abu biyu take faɗa: ta ci daga hannun Hajiya, kuma Hajiya ba ta mantuwa. Wata tsohuwa da suke Islamiyya tare ta share hawaye ta ce, "Allah ya jiƙan ta, mutuniyar kirki. Amma wallahi ko yanzu da take kwance ba na so in taka mata ƙafa." Mata suka yi dariya cikin kuka, sannan suka yi istigfari.

A waje, wanda ya fi kowa kuka wani tsohon mahauci ne na bakin kasuwa. Mutane sun yi mamaki, domin kowa ya san Hajiya ta daina sayen nama a wurinsa tun mijina yana jariri. Ranar sunan mijina ne ya haɗa mata da naman da ya kwana, baƙi suka ci suka yi ƙorafi. Ba ta zage shi ba, ba ta mayar masa ba. Sai dai daga ranar, duk sanda ta sayi nama a wani teburi, ta gabansa take bi, ta buɗe ledar ta ce, "Sarkin fawa, an tashi lafiya? Dubi wannan tsoka, don Allah. Ka taɓa ganin irinta?" Haka ta yi masa har suka tsufa tare. Shi ne ya nace sai ya kama makara. An ji shi yana cewa, "Yanzu wa zai riƙa gwada mini nama?"

Da la'asar Maman 'Yan Biyu ta iso daga Narayi, da zanen matan cocinsu a jikinta. Ita da Hajiya sun yi shekaru suna sayar da abinci kafaɗa da kafaɗa a ƙofar masaƙa a Kakuri, kafin masaƙun su mutu, kafin kowa ya koma unguwar da ya fi jin barci. Ba ta gaisa da kowa ba. Ta wuce kai tsaye ƙofar ɗakin Hajiya, ta zauna a ƙasa, ta dubi gadon ta ce, "Kin riga ni. A nan ma sai da kika ci ni." Sannan ta waiga ta tambaya, "Ina mijin nata?"

Ɗana take nufi, ɗan shekara huɗu. Yana bayana, ya riƙe mini zane. Bai amsa ba. Ita kuwa ta dube shi, ta dube ni, domin ta san dalili.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da Hajiya, kuma don kada a manta da abin da aka yi mata.

Gajeriya ce, mai kaurin hannu, bayan yatsunta duk tabon mai. Kafin a idar da sallar asuba ta hura wuta, tandarta tana kai. Ba ta yarda wani ya dama mata ƙullu, ko 'yarta ta cikinta. In yaro ya zo saye ya tsaya yana haɗiyar miyau, takan ɗora masa ɗaya mai zafi a tafin hannu ta ce, "Wannan ta hanya ce, kada ka kai ta gida." Tana da wata magana da kowa ya sani a bakinta: "Haƙuri na iya. Mantuwa ce ba a koya mini ba."

Da surukina Malam ya rasu, ƙaninsa ya zo ya ce a sayar da gidan, wai mace da marayu ba za su iya riƙe gida a birni ba, rufin ma zai zubo musu. Hajiya ta saurare shi har ya gama, ta ba shi ruwa, ta raka shi ƙofa. Gidan bai tafi ko'ina ba. Da masa ta sake rufin, da masa ta kai yara makaranta. Kuma kowace Sallah, kwano mafi girma na tuwo da miyar taushe shi take kai wa da ƙafarta, da magana iri ɗaya: "Ga shi, daga gidan da rufinsa zai zubo." Ya ci wannan tuwo har ya bar duniya, kuma ita ta yi masa jinyar ƙarshe. Irin ramuwarta ke nan. Ba ta cutar da kai, amma ba za ta bar ka ka manta ba.

Ni kuma abin da ta yi mini ba zan iya biya ba. Cikina na fari ya zube, na biyu ma haka. Dangin miji suka fara maganganu a gefe, irin waɗanda ake yi da murya ƙasa-ƙasa amma don ka ji. Wata rana a gidan biki wata gwaggo ta yi gatse a gabana. Hajiya ta ajiye kwanon hannunta ta ce, "Duk wadda ta ƙara cewa uffan, ta zo ta haifa mana. Ɗaki yana nan, gado yana nan." Daga ranar ban ƙara jin komai ba. Ita ta dafa mini ruwa, ita ta gasa mini jiki da hannunta, kamar uwar da ta haife ni.

Da Allah ya kawo ɗana, aka mayar masa da sunan kakansa, marigayi Malam. Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Hajiya ba ta taɓa kama sunan mijinta ba yana raye, balle bayan ransa. Ni ba zan kama sunan surukina ba, ga shi kuma ɗan fari. Mijina yakan faɗa in hukuma ta tambaya, amma bai taɓa kiran yaron da sunan ubansa ba. Mu muna ce masa Abba. Hajiya kuwa Maigida take ce masa, shi kuma tun da ya fara magana yake ce mata matata.

Wasan nan shi ne abincinta. Kowace safiya, in ta sauke tanda, sai ta ɗaga murya: "Maigida! Rana ta yi, ina kuɗin cefane? Ko yau ma yunwa za ka bar ni da ita?" Sai ya ruga ya tsinto murfin kwalba ko ganyen gwaiba ya kawo mata. Ta juya su a hannu ta taɓe baki. "Wannan ne cefanen? Kai, na yi asarar aure. Gobe zan koma gidanmu." Shi kuma ya riƙe ƙugu ya ce, "Ki tafi mana, tsohuwa mara haƙori, zan auro sabuwa." Ta yi dariya har ta yi tari. Masu sayen masa sukan tsaya don su ji yadda za a ƙare.

Da ya isa shiga makaranta, muka nema masa wuri biyu. Ɗaya ƙarama ce a bakin Kakuri, inda 'yar Maman 'Yan Biyu take koyarwa, ginin gidan haya ne da aka mayar azuzuwa. Ɗayar babba ce can wajen Barnawa, mai dogon gini da ciyawa da motocin ɗaukar yara. Mijina direba ne a gidan wani Alhaji ɗan kwangila. Shekara da shekaru yana kai 'ya'yan uban gidansa ƙofar wannan makaranta, ya zauna a benci tare da sauran direbobi ya jira a tashi. Ya daɗe yana tanadi, burinsa ɗaya: wata rana ɗansa ya shiga ta ƙofar nan da jaka a baya.

Duka biyun suna yi wa yara intabiyu. Mun shirya shi iya ƙoƙarinmu. Ya iya ƙirga, ya san launuka da Turanci, ya san kare da kyanwa a hoto. Babu wanda ya tuna da abu na farko da ake tambayar yaro, domin a gidanmu ba mai faɗinsa.

Ranar intabiyun babbar makaranta ina cikin jego, ƙanwarsa ko cibiya ba ta warke ba, mijina kuma ya kai Alhaji Abuja. Hajiya ta ce ita za ta kai mijinta. Ta sa hijabinta na zuwa unguwa, ta shafa masa mai, suka hau keke. Abin da ya faru na ji shi daga bakinta, na kuma ji daga wata mata 'yar layinmu da ta kai tata 'yar a ranar.

A babban zaure aka tara iyaye, mai makarantar, wadda suke ce wa Madam, tana zaune a gaba da malamai biyu. Da aka zo kan ɗana ta tambaye shi sunansa da Turanci. Ya ce, "Maigida." Aka yi dariya. Sai ta juya harshe, ta yi masa Hausa tsantsa, irin wadda ba a koya a aji.

"Yaya sunanka, yaro?"

"Abba."

"Ba wannan ba. Sunanka na gaskiya."

Ya ɗaga kai ya dubi Hajiya. Madam ita ma ta dube ta. "Mama, mene ne sunan yaron nan?"

"Yana cikin takardar da ke gabanki, 'yata."

"Na gani. Daga bakinki nake so in ji."

"Sunan maigidana ne, Allah ya jiƙan shi. Ba na faɗa."

Madam ta ajiye biro. Ta nuna Hajiya ta tambayi yaron, "To wannan wace ce?"

Ya kama gefen hijabinta, ya buɗe ƙirji ya ce, "Matata ce."

Zauren ya kwashe da dariya, dariyar jin daɗi, domin rabin waɗanda ke wurin sun yi wa kakanninsu haka. Madam ba ta yi ba. Ta jira aka yi shiru, sannan ta ɗaga murya yadda na baya zai ji. "Iyaye, kun ga abin da nake faɗa muku kullum. Ana barin yara a hannun tsofaffi. Yaro ya kai shekara huɗu bai san sunansa ba, yana kiran kakarsa matarsa. Wannan rashin tarbiyya ne, mu kuma ake kawo wa gyara." Ta sunkuyo kansa. "Ba matarka ba ce. Abin kunya ne, kada in ƙara ji. Ka ce Grandma." Ya ƙara riƙe hijabin. "Ka ce Grandma." Ya faɗa. Ta sa ya maimaita da ƙarfi. Sannan ta ce wa Hajiya, "Mama, ki jira a waje, ke kike rikita shi."

Hajiya ta fita. Ta zauna a bencin direbobi, cikin rana, har aka gama.

Da suka dawo ba ta nuna komai ba. Ta cire hijabi, ta jiƙa shinkafar ƙullun gobe, tana wanke ta tana ba ni labari kamar na wata. Da ta kai ƙarshe ta ce, "Da baƙuwa ce da ban ji zafi ba, sai in ce ba ta sani ba. Amma wannan, daga jin Hausarta, ita ma kakanta ya kira ta amarya ya ɗora ta a cinya. Ta sani sarai. Ta dai dubi hijabina ne ta ga ya koɗe."

Washegari ta sauke tanda ta kira kamar kullum. "Maigida! Ina cefane?" Ya zo ya tsaya nesa, hannunsa babu komai. Ya ce, "Ba kyau. Ke Grandma ce."

Ta yi dariya. "To! An sake ni ke nan, ko takarda babu." Masu saye suka taya ta. Ni ina kallon fuskarta daga taga. Ta sake gwadawa washegari, da wanda ya biyo, ta yi masa masa mai sukari, ta yi barazanar auren mahauci. Bai ƙara kawo mata ko ganye ɗaya ba. Daga baya ita ma ta daina kira.

Sakamako ya fito ta waya. Ƙaramar makaranta ta ɗauke shi. Babbar ta ce ya jira, ko wani zai fasa. Mijina ya yi wa Alhaji magana, matar Alhaji kuma ƙawar Madam ce tun suna 'yan mata. Ba a jima ba aka kira aka ce an ba shi gurbi, da shawarar a riƙa yi masa Turanci a gida, a kuma rage masa zama da tsofaffi. Mijina ya shigo da murna kamar an ba shi kujerar Makka. Ya san abin da aka yi wa uwarsa, amma ya ce haka manyan makarantu suke, sai an daure.

Wuri biyu ke nan a hannunmu, sai mu zaɓa. Ni na riga na yanke a raina, kuma na tabbata Hajiya tana bayana. Da muka zauna bayan magariba na ce, "Hajiya, ni dai ina ganin Kakuri. Kusa ne, kuma akwai mai sa masa ido."

Ta ce, "Barnawa za shi."

Na zaci ban ji daidai ba. "Wurin matar nan?"

"Wurinta. Ai an ce ƙarshen shekara suna tara iyaye, a kira wanda ya yi na ɗaya a lasifika, ita da kanta ta miƙa masa kyauta. Ko ba haka ba ne?" Mijina ya ce haka ne. "To. Ni ban iya faɗin sunan ba. Ita za ta faɗe shi da bakinta, a gaban mutanen da ta tara mini. Bana ta faɗa, baɗi ta faɗa. Ni kuma ina layin gaba da wannan hijabin, ba zan sayi sabo ba."

Na ce, "Hajiya, ɗan shekara huɗu ne. Tun ranar nan ko an bi ta hanyar sai ya ɓoye fuska."

"Zai saba. Jinin Malam ne, kuma ni na yi masa wanka."

Ban taɓa yi mata musu ba, ranar ma ban yi ba. Amma ta san ban yarda ba. Mijina ya fara zaunar da yaron da yamma yana koya masa sunansa na yanka. Duk sanda za a fara, Hajiya takan tashi ta shiga kicin ta dami abin da ba ya bukatar damu. Ita da ba ta yi boko ba, sai ga ta tana sa shi ya ƙirga mata masa da Turanci, in ya tsallake ta gane daga muryarsa. Da kanta ta je kasuwa ta sayo masa farar safa.

Wata safiya cokalin juya masa ya faɗi daga hannunta, ta zame gefen murhu. Kafin mu kai asibiti bakinta ya karkace, magana ta ɗauke. Likita ya ce hawan jini ne, ya daɗe yana cin ta. Ban ce wani ya kashe ta ba. Ajali ne, kuma ina tsoron Allah. Abin da na ce shi ne, makonninta na ƙarshe a duniya an raba ta da abin da ya fi komai sa ta dariya, kuma na san wadda ta raba ta.

Mun roƙi ma'aikatan jinya suka bari aka shigo da ɗana sau ɗaya. Ya tsaya a ƙafar gadon. Idonta ya same shi, hannunta mai lafiya ya buɗe a kan zanin gado, yadda take buɗe shi in za ta karɓi cefane. Na tura shi gaba, na raɗa masa, "Ka gaishe ta." Ya ce, "Sannu, Grandma." Hannun ya daɗe a buɗe. Sannan ta juya fuskarta bango. Ba su ƙara ganin juna ba.

Ranar sadakar uku matar Alhaji ta zo ta'aziyya, ta zo da ƙawarta. Ban taɓa ganin Madam ba, don haka ban gane ta ba. Doguwa ce, ta yafa mayafi mai tsada, ta zauna a tabarma da ladabi. Ashe hanya ce ta haɗa su, aka ce mata uwar direba ce ta rasu, ta ce bari ta samu ladan. Ta ɗaga hannu ta yi addu'a mai kyau. Ta ce mini, "Ban san ta ba, amma daga ganin jama'ar nan an san mutuniyar kirki ce. Allah ya ba ku haƙuri."

Ina cewa amin sai ga ɗana ya fito daga ɗaki. Ya tsaya cak. Ya zo ya kama wuyana, bai raɗa ba, ya faɗa da muryar yara da ba ta san ɓoyo ba: "Umma, ga matar da ta sa matata kuka a cikin keke."

Mata suka juyo gaba ɗaya. Babu wanda ya san Hajiya ta yi kuka. Ni da na zauna da ita shekaru ban taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da ta binne ɗanta na biyu an ce ba ta yi a gaban mutane ba. Kuma tun ranar intabiyu wannan ne karo na farko da ya kira ta matarsa, ita kuwa tana ƙarƙashin ƙasa.

Madam ta dubi yaron, na ga lokacin da ta gane shi. Maman 'Yan Biyu, da ke zaune a ƙofar ɗaki, ta ce da murya a kwance, "A ba baƙuwa masa. Ta sadaka ce, a tandar marigayiya aka yi." Aka ajiye faranti a gabanta. Mata sama da yadda zan iya ƙirgawa suna kallon ta. Ba wadda ta zage ta. Ta gutsura, ta kasa haɗiyewa, matar Alhaji ta ja ta suka fita.

Bayan an watse, maganar makaranta ta dawo, domin lokacin biya ya matso. Mijina ya ce, "Kin ji abin da ta faɗa da bakinta. Wasiyya ce. Yanzu ma na fi son ya je, ya yi na ɗaya, matar nan ta faɗi sunan ubana tana jin kunya."

Ni ma zuciyata ta so haka. Na kwana ina ganin ranar, ina ganin kaina a layin gaba da hijabin Hajiya. Da safe na kai maganar wurin Maman 'Yan Biyu kafin ta koma Narayi. Ta saurare ni tana ɗaure kayanta. Ta ce, "'Yata, na san ƙawata fiye da ku. Duk faɗan da ta yi a duniya, da ƙafarta ta je, da bakinta ta yi. Ba ta taɓa aiken yaro ba. Wannan ma ta ɗauka tana nan, ita za ta kai shi ƙofa kullum ta riƙe masa hannu. Yanzu wa zai riƙe? Shi kaɗai za ku tura ya bi ta gaban matar nan kowace safiya?"

Na maimaita wa mijina wannan magana yadda aka faɗa mini. Ya daɗe yana kallon farar safar da ke kan akwati. Ya ce, "Alhaji ya sa baki saboda ni. In muka ƙi, ban san da wane ido zan dube shi ba." Na ce na sani. Ya ce, "Ki yi yadda kika gani. Amma ke za ki je ki faɗa musu."

Na goya jaririyata na tafi. Mai gadi ya nuna mini benci, na ce a tsaye zan jira. Ba a bar ni na daɗe ba. Madam da kanta ta fito ta shigar da ni ofis, ta rufe ƙofa, ta sa aka kawo lemo. Na ce na zo ne in gaya mata a ba wani gurbin, ɗana ba zai zo ba.

Ta ce, "Don Allah kada ki yi haka. Ki kawo shi, ni da kaina zan kula da shi. Tun ranar nan ban samu barci ba. Aikin nan ne, mutane da yawa, wani lokaci baki yakan riga tunani. Ni ma kakata ta rene ni." Ta matso, ta kama hannuna. "Ki yafe mini, don girman Allah."

Na ce, "Ni ba ki yi mini komai ba, Madam."

"To ki yafe a madadinta. Ke 'yarta ce."

"Ba nawa ba ne da zan bayar. Mai shi ta yi makonni tana nan Makera, ƙofarta a buɗe, kowa ya san gidan. Yanzu ta tafi da abinta."

"To yaya zan yi?"

"Ki ajiye, ki faɗa mata ranar da kuka haɗu."

Idonta ya kawo ruwa. Na duba zuciyata ko zan ji tausayi, ban samu ba, ban kuma roƙi Allah ya sa mini ba. Na zare hannuna, na bar lemon yadda aka kawo shi, na fito.

Ɗana yana Kakuri yanzu. Ajinsu yana yoyo in an yi ruwa, filin wasansu bai kai tsakar gidanmu ba, kuma yakan yi kuka da safe kamar sauran yara. Ban sani ba ko zai yi na ɗaya. Alhaji ya yi kwanaki yana amsa gaisuwar mijina da ka, daga baya ya sake. Na saɓa wa maganar Hajiya ta ƙarshe, na kuma san halinta. In ta tsare ni a can, zan tsaya in amsa, gara ni da yaron.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka da ta ciyar da marayu da hayaƙin murhu. Ka yalwata mata kabari, ka sanyaya mata shi, ka haɗa ta da Malam a inda babu mai korar ta waje. Ka raya abin da ta bari.

Wanda ya karanta wannan ya yi mata addu'a. Duk wanda ta yi wa laifi, ina roƙon sa don Allah ya yafe mata. Wanda kuma ya yi mata, ya jira.